Makullan Baba Kacau

Kafin ka ga Dattijo, sai ka ji shi. Tun daga kwanar layi ƙarar take fara isowa, kacau, kacau, kacau, kamar an ɗaura wa akuya ƙararrawa. Shi ya sa aka laƙaba masa Baba Kacau, sunan kuwa ya bi shi har cikin majami'a, inda ya daɗe yana dattijon ikilisiya. A gabansa dai Dattijo ake cewa, da ladabi da russunawa. Sai ya ba da baya ake tuna ɗaya sunan.

Abin da ke ƙarar wani zoben ƙarfe ne mai faɗin bakin kofi, cike maƙil da makullai. Akwai na shagonsa na fenti da kayan famfo, da na sito, da na gida, da na wata durowa da shi kansa ya manta abin da ke cikinta. Sannan akwai na zauren taron da ya gina wa ikilisiya, da na kejin janaretan da ya saya mata, da na ɗakin kujerun da ya cika mata da kujerun roba.

Duk wanda ya ce Dattijo marowaci ne ya yi masa ƙarya. Mutumin yana bayarwa, kuma da hannu biyu. Matsalarsa ɗaya ce, kyautarsa takan tafi ne ta bar makullinta a gida. Ranar da aka keɓe zauren, a gaban jama'a ya miƙa wa Fasto makulli, aka yi tafi, mata suka rangaɗa waƙar godiya. Ana tashi ya ja Fasto gefe ya ce, "Kawo in ajiye mana, ka san hidima ta yi maka yawa, kada ya ɓace." Fasto sabon zuwa ne a lokacin, mai kunya, ya miƙa. Tun daga ranar duk mai son shiga zauren, mawaƙa ne ko matan zumunta, sai ya jira kacau-kacau.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ita ke ɗinke aljihunan da makullan ke ɓulawa. Takan zauna da allura a bakin taga tana mita.

"Baban Auta, ni dai ban san mai gadi na aura ba sai da tafiya ta yi nisa."

"Amana ce," in ji shi. "Wanda Allah ya ba abu, zai tambaye shi yadda ya kula da shi."

"To, zai tambaye ka wandunan nan ma."

Auta kuwa, sunan ne kawai na ƙuruciya. Ta haura talatin, ita ce ƙaramar 'ya'yansu, ita kaɗai ce kuma ta zauna da sana'ar uban bayan yayyenta sun watse garuruwa. Ita ke haɗa kalar fenti har mai gida ya ce haka ya gani a ransa. Ita ke lallashin magina masu zafin kai, ita ta san wane famfo ne zai yi shekara da wanda zai fara ɗiga kafin a gama biyan mai ɗaurawa. Amma kullum da safe takan riga uban zuwa, ta tsaya a barandar shago da jakarta, ta jira shi ya zo ya buɗe.

Wata ranar Lahadi suna cin abincin rana bayan sujada, ta ajiye cokali ta ce wani kamfanin fenti ya neme ta ta riƙe masa reshe a wani gari mai nisa. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba su amsa.

Dattijo ya ture kwanon gabansa. Yana son yarinyar nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa, kuma ya san in ta tafi, shagon zai zama ɗaki ne kawai mai warin fenti.

"Me kika rasa a nan?" ya tambaye ta. "Albashi ne? Sai a ƙara. Mota kike so?"

"Makulli, Baba."

Ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. "Ɗan guntun ƙarfe? Ai duk naku ne wata rana."

"Na sani," ta ce, ta ɗauki cokalinta. Ta ci gaba da cin abincinta.

A cikin kwanakin ne ciwon ƙugun da ya daɗe yana ɓoyewa ya tsananta, har ya fara jan ƙafar dama. Likita ya danna nan, ya danna can, ya ɗaure fuska kaɗan, ya ce sai an ɗauki hoton ciki da babbar na'ura kafin ya ce komai. Aka ba su ranar Alhamis. Da yake makullin shago na aljihun mai zuwa asibiti, shago ya kasance a rufe, Auta ta ja motar ta kai iyayenta.

Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar mace ce mai fara'a, irin waɗanda suka saba da gardamar tsofaffi. Ta ce masa na'urar tana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, ba a shiga ɗakinta da ƙarfe ko na ƙwayar allura. Ta ba shi wata shuɗiyar riga mai igiya a baya. Ya cire agogo, ya cire bel, ya cire zoben aure ya ba Mama ba tare da wata damuwa ba. Ya fito daga bayan labule yana shafa rigar ta ko'ina, makullan na hannunsa.

"'Yata, rigar nan ba ta da aljihu."

"Ba ta da shi, Baba."

"To zan riƙe su a hannu. Zan damƙe sosai."

"Baba, in ka shiga da su, za ta fizge su kamar an harba, ta haɗa da yatsunka. Kawo in sa maka a loka, akwatin ajiyarmu."

"Wa ke riƙe makullin lokar?"

"Ni."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya juya wajen matarsa. Mama ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Kada ka dube ni. Na ɗinke aljihu na gaji, ba zan koma aljihun da kaina ba."

Saura Auta. Ya miƙa mata zoben a hankali, yatsunsa suna sakinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe min. Kada ki..."

"Na sani, Baba."

Aka kwantar da shi a wani siririn gado, aka toshe masa kunnuwa, aka ce kada ya motsa ko kaɗan har a gama. Gadon ya zame da shi cikin wani farin rami mai ƙunci, rufinsa dab da hancinsa. Sai na'urar ta fara bugu, gaf, gaf, gaf, kamar maƙera sun haɗu a kansa. Nan fuskar likita ta dawo masa, da yadda ya ɗaure ta. Tsoro ya kama Dattijo, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Ya ce bari ya yi addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa, wadda ya sha jagorantar ikilisiya a kanta ido rufe. Ya fara a zuci. Bai yi nisa ba ya ji yatsun hannun damansa suna laluben cinyarsa, suna neman bakin aljihu. Babu aljihu. Addu'ar ta tsaya cak.

Ya sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai a lokacin ya gane wani abu da bai taɓa lura da shi ba. Duk shekarun nan, in aka ce a sunkuyar da kai, hannunsa yakan shige aljihu, babban yatsansa ya riƙa tura makullan ɗaya bayan ɗaya. In ya zo roƙon abincin yini, yatsan na kan makullin shago. In ya zo roƙon tsari daga mugu, yana kan na gida. Bakinsa na kiran Uba na sama, hannunsa na duba ko komai na nan. Yanzu da aka raba shi da su, kalmomin da ya haddace tun yana ɗan makarantar Lahadi sun watse kamar an tsinke musu zare.

Ya tuna wa'azin da Fasto ya yi kwanan baya, a kan saurayin nan mai dukiya da ya zo wurin Yesu da kyakkyawar niyya, aka ce ya saki abin hannunsa, ya juya ya tafi ransa a ɓace. Ranar Dattijo har gyaɗa kai ya riƙa yi, yana satar kallon wasu 'yan kasuwa a bencin baya, don shi ai ya bayar, zaure guda ma. A cikin ramin nan kuwa babu wanda zai sata wa kallo. Ya ga cewa saurayin ma ya fi shi gaskiya, don shi ya riƙe kayansa a fili ya tafi. Shi kuwa ya karɓi tafin bayarwa, ya kuma koma gida da abin a aljihu.

Kunya ta rufe shi. Ya daina neman haddar, ya yi magana yadda ta zo masa.

"Ubangiji Yesu, ga ni. Babu komai a hannuna. Ban ma san ko na taɓa zuwa gabanka haka ba. Ka yi mini jinƙai."

Ba wata murya ya ji ba, na'urar ma ba ta fasa bugunta ba. Amma ƙirjinsa ya saki, numfashinsa ya daidaita, ya ji kamar an karɓe masa wani kaya da ya manta yana ɗauke da shi. Hawaye suka gangaro ta gefen idanunsa suka shige masa kunnuwa, ga shi an ce kada ya motsa, dole ya bar su.

Da ya fito, ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya. Auta na zaune a benci, makullan na kan jakarta, ba ta ko sa su ciki ba. Tana ganinsa ta miƙe ta miƙa masa, kamar wadda aka ba ajiyar wuta.

Mama ce ta ba shi labari, suna shiga mota. Fasto ya bugo wa Auta waya. Yau Alhamis, ranar taron matan zumunta, sun taru a ƙofar zaure ruwa ya tsare su, har da tsofaffin da ke dogara sanda. Ya ce ko ya turo wani a babur ya karɓi makullin.

"To, ya turo?" in ji Dattijo.

"Tambayi 'yarka."

Auta na kallon gilashin gaba, hannunta a kan sitiyari. "Na ce masa ba ni da izini."

"Ba ki da izini? Makullin na hannunki fa."

"Yana hannuna, Baba, amma ba ba ni ka yi ba. Riƙo ka ce in yi."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ne ma ya fi soka masa zuciya. Haka ya koya mata, ta kuwa koya da kyau. Ya yi tunanin tsofaffin nan a tsaye cikin ruwa, a ƙofar ɗakin da aka ce an ba Allah.

"Kada ki tayar da motar tukuna," ya ce.

Ya ɗora zoben a gwiwarsa ya fara ƙoƙarin buɗa bakinsa. Ashe zoben da aka daɗe ana sa masa ba a cirewa, bakinsa yakan manne. Ya sa farce, farcen ya karye. Ya sa haƙori, Mama ta daka masa tsawa ta ce wanda ya rage masa ke nan zai ƙarasa. Auta ta zaro fil daga ɗankwalinta ta cusa a tsagar, ta riƙe masa, shi kuma ya riƙa murɗo makullan suna fitowa da ƙyar. Na zaure, na janareta, na ɗakin kujeru.

"Mu je majami'a."

Sun tarar da matan sun cure a 'yar rumfar ƙofa, zannuwansu sun jiƙe, amma ba su fasa taronsu ba, waƙa suke yi a tsaye. Dattijo ya fito cikin ruwan yana jan ƙafa, ya nufi Fasto, ya kama hannunsa ya zuba masa makullan uku.

"Fasto, ga kayan ikilisiya. Na daɗe da su."

Fasto ya dubi tafin hannunsa. "In an tashi in aiko maka da su gida?"

"In ka aiko, zan aiko maka da su. Ka yanka wasu, ka ba shugabar mata, ka ba na mawaƙa." Ya juya wajen matan, ya cire hularsa, ruwa na dukan sanƙonsa. "Iyayena, ku gafarce ni. Na ba Allah ɗaki na hana shi shiga."

Shugabar matan, wata tsohuwa mai bakin da ba ya jin tsoron kowa, ta matse bakin zanenta ta ce, "Mun gafarta, Dattijo. Amma yanzu ta yaya za mu san kana tafe, mu daina gulmarka?"

Aka kwashe da dariya, har da shi. Fasto ya buɗe ƙofa da hannunsa, karo na farko tun da aka gina zauren, sai da ya gwada makulli biyu kafin ya dace.

A ƙofar gida, Mama ta shige ta bar su a mota. Dattijo ya sake karɓar fil ɗin, ya ciro makullin shago da na sito, ya ɗora su a tafin Auta ya naɗe mata yatsu a kai.

"Wannan ba riƙo ba ne. Na ba ki."

"Baba, in don kada in tafi ne..."

"Ba na son ki tafi, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba sayen ki nake yi ba. In kin ga can ne Allah ya buɗa miki, ki tafi da albarkata, ki ba wanda kika ga dama ya buɗe shagon. Ke ma na daɗe da saƙale ki a zoben nan."

Auta ta daɗe tana kallon hannunta. Idanunta sun cika, amma ita 'yar ubanta ce, ba ta bari suka zubo ba.

"Zan yi addu'a a kai," ta ce.

Sakamakon hoton ya fito bayan 'yan kwanaki. Ba abin tsoron da ake zato ba ne, wata jijiya ce ta matse, magani da motsa jiki za su sassauta ta. Likita ya ce ya guji ɗaukar nauyi a ɓangare ɗaya. Mama ta ce ita ta faɗi wannan tun tuni, ba tare da na'ura ba, kuma kyauta.

Ranar da ya koma shago, sabo ya fito da shi da wuri. Sai da ya isa baranda ya sa hannu a aljihu ya tuna. Mai gilashi, maƙwabcin shagonsa, yana share ƙofa, ya ɗago ya yi turus.

"A'a, Dattijo, yaushe ka iso? Ban ji ka ba."

"Ni ma ban ji ni ba," in ji shi.

Ya tsaya jira. Bai san haka tsayuwa a ƙofar da ke rufe take da tsawo ba. Masu wucewa na gaishe shi, yana jin kamar kowa na tambayar me ya hana shi shiga. Da ƙugun ya fara yi masa magana, ya matsa zai jingina da bango, sai idonsa ya faɗa kan wani tabo a jikin farin fentin, daidai tsayin kafaɗar mace. Wurin ya yi duhu ya yi santsi, irin yadda bango ke yi in mutum ɗaya ya yi shekara da shekaru yana jingina a wuri ɗaya. Shi mai sayar da fenti, kullum ta nan yake wucewa, bai taɓa gani ba, don idonsa na kan kwado.

Ya ɗora tafinsa a kan tabon. A nan tsaye, hannu ɗaya a bango, ɗaya a sake, ya fara addu'ar nan da ta gagare shi a asibiti. Ta tafi sumul tun daga farko har Amin.

Auta ta iso da sauri, jaka a kafaɗa. Ganinsa a tsaye ya sa ta ciro makullin ta miƙa masa ba tare da tunani ba. Dattijo ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su.

"Buɗe mana, mai shago."

Ta durƙusa ta buɗe kwadon, ta ɗaga ƙofar ƙarfen ta yi sama da ƙara, warin fenti ya fito ya tarye su. Ba ta shiga ba. Ta tsaya tana juya makullin a hannu.

"Na kira mutanen kamfanin jiya," ta ce. "Na ce su nemi wani."

Dattijo ya gyaɗa kai. Ya yi gyaran murya, ya nuna bango da haɓa.

"Wurin nan yana son fenti. Wace kala za ki haɗa mana?"

Ta dubi tabon, ta dubi ubanta, ta gane ya gani.

"Bar shi haka, Baba," ta ce, ta matsa gefe don ya fara shiga. "Wata rana zan makara, za ka buƙaci wurin jingina."